Take Mai Ɗingishi

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa, kuma gare shi dukanmu za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, mai gurumin nan da duk Dogon Dutsi ta sani, ya cika da hantsin wata ranar kasuwa bayan an gama ɗaurin gero. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin zaman makokin da aka yi gardama a cikinsa kamar nasa ba. Tsofaffin manoma sun tako a ƙasa tun daga Lugu, suka zauna gefe guda suna girgiza kai suna cewa hannu ya tafi. Wani Bafulatani daga wajen Dogon Kiriya ya dire mana ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ya zauna yana share ido da bakin rawani. Shi ne wanda shanunsa suka ƙare a wata shekarar fari, makaɗa suka ƙi zuwa bikin ɗansa don sun san babu abin samu, Kawu ya rataya gurumi ya je ya yini yana yi musu kiɗa, ya dawo da ƙurar hanya kawai. Ma'aikatan biro kuwa, ƴan ofisoshin gwamnati, sun zo da takalmansu masu ƙyalli, suka yi gaisuwa a tsaitsaye suna waige-waige, kamar akwai mai ƙirga wanda ya daɗe.

Wani ɗan kasuwa, bayan ya shafa fatiha, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Allah shi jiƙan shi, amma tsohon ga taurin kai garai. Da ya bi a hankali, da cikin gidan siminti zai mutu."

Inna, matar Kawu, tana cikin takaba a ɗaka, amma kunnenta yana waje. Ta ɗaga murya ta ce, "Ku hwaɗa ma wancan mun gode. Gidan laka bai taɓa hwaɗo muna bisa kai ba."

Daga nan wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, yau garin ga ya binne su dut su biyun." Ƴan matan da ke raba ruwa suka dubi juna, ɗaya ta ce, "Iya, shi da wa?" Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni. Ba a daɗe ba fa, waɗanda suka ga samun mulkin kai suna nan da ransu, amma har an samu masu tambayar shi da wa. Don haka na ce bari in faɗi abin da na sani, tun bakina yana da ƙarfi, kuma duk wanda ya san ni a tashar mota inda nake sayar da tuwo ya san bakin nan ba ya gajiya.

A gidan Kawu muka tashi, ni da Yayana, bayan rasuwar mahaifinmu. Yaya ya koyi gurumi a hannunsa har ya zama shi ke zama a damansa wurin wasa. Ni kuwa ba a ba mace gurumi, sai kunne da na samu.

Aikin da aka fi sanin Kawu da shi shi ne ƙera take, wato kiɗan da makaɗi ke yi wa mutum ɗaya tak, wanda ko ba a ambaci suna ba, da an ji an san wa ake kira. Sauran makaɗa sukan fara da tambayar asalin mutum, wane ne ubansa, wane ne kakansa. Kawu ba ya tambaya. Bin mutum yake yi a baya, cikin kasuwa, hanyar masallaci, hanyar gona, idonsa a kan ƙafafunsa, yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa. Yakan ce, "Ni ba ni tambayar baki. Ƙahwa nika tambaya, ita ba ta iya ƙarya ba." Inna takan yi masa tsiya cewa ya fi sanin dugadugan mutanen garin nan fiye da fuskokinsu. Har ya zama abin dariya a kasuwa: in mutum ya waiga ya ga Kawu a bayansa, sai ka ga ya gyara tafiya yana wani taƙama, Kawu kuwa sai ya juya ya koma gida, ya bari sai ranar da mutumin ya manta da shi.

Na biyun da tsohuwar nan take nufi shi ne Dipite, wato ɗan majalisa. Haka kowa ke kiransa har ya mutu, ko bayan an ƙwace kujerar. Malamin lakwal ne a da, wato makarantar boko, siriri, mai yawan dariya. Kurkunu ya ci ƙafarsa ta hagu tun yana yaro, don haka kullum takan iso a makare, kamar sai ta yi shawara kafin ta taka. Lokacin da ake fafutukar neman mulkin kai ya tsaya takarar majalisa, ya zo zauren Kawu neman take. Ina kawo musu fura na ji yana cewa, "Abu guda nika roƙo, kak ka sa ƙahwar ga ciki."

Kawu ya ce, "In na hidda ta, mi ar rage? Tai wurin wani shi yi maka na mai lahiya."

Da ita aka yi taken. Kiɗan yakan tafi sumul, sai ya ɗan dakata kamar mai jiran wani a hanya, sannan ya faɗo. A wannan ɗan jiran duk daɗinsa yake, nan ne numfashin mai sauraro ke tsayawa. Ranar da Dipite ya fara jin sa ya yi dariya har da hawaye, ya ce Kawu ya tona masa asiri a gaban duniya.

Daga nan suka zama ba a ganin ɗaya ba ɗaya. A bayan kamyo, babbar motar kaya, suka zagaye yankinmu na Arewa, har ƙauyukan wajen Tibiri. Dipite yana da wata ɗabi'a: duk garin da suka sauka, kafin ya hau kan tebur ya yi jawabi, sai ya wuce bakin rijiya ya karɓi igiya a hannun mata ya ja guga da kansa, wai yana so kafaɗarsa ta san zurfin rijiyar kafin bakinsa ya yi alkawari. Kawu yakan tsaya gefe yana kiransa Dipiten guga. A gaban jama'a yake ce masa gurgu, kuma shi kaɗai ke da wannan izinin. Shi kuma Dipite yakan sunkuya ya yi wa gurumin magana da Faransanci, wai ya fi mai shi fahimta. Kullum suna cikin faɗa a kan goro, kowa na cewa ɗayan ya ɗauki ɓari mafi girma. Taken ya shiga gari har yara suna bin layi suna ɗingishi suna rera shi da baki.

Sai al'amura suka juya. Aka soke jam'iyyarsu, abokiyar hamayyarta ta riƙe ƙasa ita kaɗai. Da rana tsaka jandarmomi suka ɗauki Dipite a gaban kasuwa, muna kallo, ba wanda ya ce ƙala. Cikin ɗan lokaci taken ya ɓace daga bakin mutane. Na ga uwa da idona ta ɗauke ɗanta da mari don ya yi ɗingishin wasa a bakin hanya.

Aka kawo sabon sakataren jam'iyya, baƙo ne a garin, mai saurin tafiya kamar wanda mota za ta bari. Ba zan ce mugu ba ne, amma yana da wayo. Ya lura mutane sun rufe baki ne kawai, kiɗan yana nan a ransu. Ya aika aka kira Kawu da Yaya, ya ce taken nan yake so, a cire wancan suna a sa nasa, a kaɗa ranar bikin jam'iyya. Ya ambaci Yamai babban birni, ya ambaci gidan rediyo, ya ambaci gini. Ban je ba, Yaya ne ya ba mu labari da ya dawo yana huci.

Wai Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, tashi ka yi tahiya in gani. In yi maka naka, sabo, wanda ba a taɓa ji ba."

Sakatare ya ce shi ba sabo yake so ba, wanda mutane suka riga suka so yake so.

Kawu ya ce, "Wancan mai shi na da rai. Ko babu rai ma, ba nawa na ba balle in bayas."

Yaya ya yi ta faɗa a tsakar gida, yana cewa kai ka ƙera shi da hannunka, ta yaya ba naka ba? Kawu ya ci gaba da ɓare goronsa. Zan yi wa Yaya adalci a nan, ko da yake na daɗe ban yi masa ba: shekarar damina ba ta yi kyau ba, matarsa tana da tsohon ciki, rumbunsa ya kusa ganin ƙasa. Ya koma wurin Sakatare shi kaɗai. Da yake babban mutum ba zai yarda a kaɗa masa ɗingishi ba, Yaya ya cire ɗan jiran nan, ya miƙar da kiɗan ya tafi tsaf. Aka ɗauke Yaya zuwa Yamai.

A shagon wani mai rediyo Kawu ya fara jin taken da Yaya ya miƙar. An ce ya tsaya har aka gama, mutane suna satar kallonsa suna jiran ya tsine. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hannun na da kyau, ni nik koya mai. Sai dai ya miƙe ma mutane ƙahwa." Bai taɓa zagin Yaya ba, ko a ɗaka. Ni na ɗauki wannan aikin, na kuma yi shi da kyau. Na daina yi masa magana, in an ambace shi a tasha sai in ce ban san mai wannan sunan ba.

Daga lokacin aka daina gayyatar Kawu duk wani taron manya. Masu kuɗin da ya yi wa take suka riƙa canza hanya in sun hango shi. Ya koma kiɗan gayya a gonaki da bukukuwan mahauta da makiyaya, ya rame, rigarsa ta bula ta koɗe. Amma bai daina bin ƙafafun mutane ba, ko babu mai biya. Wata rana na kama shi yana bin wani mai tallan gishiri, na ce, "Kawu, wanga ko abin goro bai da shi." Ya ce, "Ke dai dubi yadda shika aje diddige."

Bayan shekaru aka sako Dipite daga gidan kaso, ciwon ƙirji ya riga ya ci shi. Aka kawo shi gidansa da ke bayan dutse, aka zaunar da gardi a gindin bishiyar ƙofar gida yana kallon mai shiga da mai fita. Babu mai shiga kuwa. Mutumin da ya cika fili da jama'a, sai uwargidansa kaɗai ke jin tarinsa.

Wata rana da hantsi Kawu ya sa rigar bular nan, ya ɗauki gurumi ko zane bai rufa masa ba. Inna ta tare ƙofa tana cewa, "Malam, ka bari rana ta hwaɗi mana, ko ka bi ta bayan gari!" Ya ce shi ba sata za shi ba. Ta tsakiyar kasuwa ya bi. Na ɗauki kwanon kunu na bi bayansa, ina jin idanun mutane a ƙeyata.

Gardin ya miƙe ya ce, "Tsoho, ina za ka?"

"Gaida marar lahiya."

"Ba a kiɗi nan."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ba ɗan mahaucin Tudu na ba? Ni nik kaɗa ranar sunanka, kuka kaka yi awa an yanka akuya." Gardin ya sosa ƙeya, ya dubi hanya, ya ce bari ya je ya sayo goro, kuma goron nan ya yi nisa ƙwarai.

A zaure Kawu ya tsaya, bai yi sallama da baki ba. Ya ɗora yatsa a tsarkiya, taken ya fito yadda yake tun farko, da ɗan jiransa. Can sai muka ji motsi daga ciki, uwargidan tana cewa a'a, a'a, ka kwanta. Mutumin da aka ce ya daɗe bai tashi daga shimfiɗa ba, sai ga shi yana dafa bango yana tahowa, ƙashi da fata, ƙafar dama ta taka, ta hagu ta yi shawararta sannan ta biyo, daidai inda kiɗan ke jiranta. Ya iso bakin zaure yana haki, ya dubi Kawu ya ce, "Har yau ba ka gyara min ƙahwar ga ba?"

Kawu ya ce, "Wanda yay yi ta bai gyara ba, ni wa?"

Suka yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka. Na ajiye kunu na fita waje, don ba a tsayawa kallon manya suna kuka.

Dipite bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Waɗanda suka bi gawarsa ba su cika sahu biyu masu kyau ba. Washegari Kawu ya zauna a ɗakinsa yana fuskantar bango, ya kaɗa taken daga farko har ƙarshe, sannan ya sassauta tsarkiya ya ce, "Na maida mai abinai." Daga ranar yana kaɗa komai, ban da shi. Haka al'adar gidansu take tun kakanni, take yana bin mai shi.

Ni ban yarda da wannan al'adar ba, kuma a kanta muka yi faɗa mafi girma da na taɓa yi da shi. Wani saurayi mai ladabi ya zo daga gidan rediyo da na'urar ɗaukar murya, yana tattara kaɗe-kaɗen tsofaffi. Ya ji labarin taken a tasha, ya ce ko ba suna, ko ba waƙa, kiɗan kawai a ajiye shi don na baya. Na kai shi gida da kaina. Kawu ya yi masa taken manoma, ya yi na maharba, ya yi na ƴan kokawa. Da aka zo kan wancan ya ɗora gurumi a cinya ya ɗauke hannu daga tsarkiya.

Na ce, "Kawu, in ka mutu shi ke nan hwa!"

Ya ce, "Shi ke nan ɗin."

Na ce, "Na sata na cikin rediyo kullum sahe, na gaskiya na cikin cikinka. Jikokinmu za su ce wancan na asali. Kai ba ka jin haushi? Ni ina ji!"

Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Ɗiyata, take kira na. In na kaɗa, wa za shi taso?"

Na tashi na buga ƙofa na tafi. Na ɗauke ƙafa daga gidan har wata ya juya. Shi ya zo ya same ni a tasha, ya zauna a benci cikin direbobi, ya sa aka zuba masa tuwo, ya cinye tas, sannan ya ce miyar gishiri ya yi yawa. Da haka muka shirya, ba wanda ya sake tada maganar. Amma a raina ban haƙura ba. Ina ta cewa wata rana zan same shi cikin nishaɗi, ko ranar sunan wani jika, ya yi mini ko sau ɗaya. Ina wannan lissafin har aka aiko tasha aka ce in zo, Kawu ya cika.

Ranar sadakar uku Yaya ya iso daga Yamai. An daɗe da ɗauke Sakatare zuwa wani gari, na bayansa kuma ya zo da nasa makaɗin. Yaya ya yi furfura, babbar rigarsa ta fi ƙarfin jikinsa. Maza suka matsa masa wuri a tabarma ba tare da sun dube shi sosai ba. Ina leƙensa ta katangar zana ina cizon leɓe, sai abin ya faɗo mini: duk duniya hannu ɗaya ya rage da ya taɓa kaɗa taken nan a gefen Kawu, kuma shi ne hannun da na yi shekaru ina tsine wa.

Na yini ina kokawa da zuciyata. Bayan la'asar, da mutane suka ragu, na shiga ɗakin Kawu na sauko da gurumin daga inda yake rataye. Inna ta bi ni da ido daga kan tabarmarta. Na aika a kira Yaya bayan rumbu, inda ba mai ji. Na miƙa masa gurumin, na yi masa maganar farko tun tafiyarsa.

"Kaɗa min na gaskiyan."

Ya ce, "Ya hana."

Na ce, "Kanai yah hana, ba mu ba. Ni ban yi ma kowa alkawali ba."

Ya daɗe yana kallon gurumin kafin ya karɓa. Ya ɗaure tsarkiya, ya gwada, ya fara. Hannun yana nan da kyansa, har na rufe ido. Kiɗan ya tafi, ya tafi, ya iso inda ya kamata ya dakata, sai ya wuce abinsa sumul. Yaya ya tsaya ya ce bari ya sake. Ya sake, ya wuce. Ya rage sauri, ya ƙura wa yatsansa ido kamar zai yi masa faɗa, amma duk sanda aka iso wurin, yatsan sai ya faɗi a kan lokaci. Da ya tilasta masa jira kuma, sai jiran ya yi tsawo, kiɗan ya karye, ya zama wani abu dabam da ba na kowa ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ya ce, "Yi min shi da baki, in bi ki."

Na ce to, don a kaina ina jin sa tar, kamar jiya aka kaɗa shi a zauren nan na bayan dutse. Na buɗe baki na fara. Abin da ya fito na rediyo ne. Na sake, na rediyo ne. Shekara da shekaru ina jin sa kowace safiya a tasha ina tsaki, ashe yana shiga.

Muka dubi juna. Yaya ya kwantar da gurumin a kan cinyarsa, ya ce, "Ƙanwata, ya tahi da shi."

Na ce, "Ya tahi da shi, Yaya."

Na zauna a ƙasa kusa da shi, muka jingina da rumbun, muka yi kukan da ban samu yi ba tun ranar da aka fita da gawa.

Allah ya jiƙan mai gurumi, ya jiƙan mai take, ya yafe musu kurakuransu, ya sanyaya makwancinsu a ƙasar garin nan da ta riƙe su duka biyu. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu haƙurin abin da ba za mu sake ji ba.